Ruwa a Cikin Dizal

Auta ba bakanike ba ne, ko da yake rabin danginsa haka suke ɗaukarsa tunda a kamfanin sayar da motoci yake aiki. Shi a gaba yake zama, bayan wata doguwar kanta mai sheƙi, inda na'urar sanyaya ɗaki take hura masa ƙeya daga safe har yamma. Aikinsa ya karɓi makulli daga hannun mai mota, ya saurari kukansa, ya kai wa masu gareji a baya, sannan ya dawo da abin da aka ce ya faɗa. Tsakanin kantar da garejin akwai ƙofar baƙin gilashi. Na ciki yana ganin na waje sarai, na waje kuwa in ya leƙa ba abin da zai gani sai fuskarsa.

Shi ya sa yayarsa ta sayi motar. Yaya ita ce babbarsu, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta yi masa wanka, ta yi masa duka, ta kai shi makaranta. Da mijinta ya rasu sai ta riƙe gonar kajin da ya bari a bayan gari, tana kai ƙwai shaguna da gidajen burodi. Tsohuwar motar da take rabon ƙwan da ita ta tsufa har sai an tura ta take tashi, kuma in ta tashi unguwa kaf sai ta sani.

"Ki sayi tamu, Yaya," in ji Auta. "Dizal ce, ba ta shan mai, ga ƙarfi. Ga garanti, duk abin da ya lalace kamfani ne zai gyara. Kuma ai ina wurin."

Yaya ta daɗe tana jujjuya maganar, don ba ƙaramin abu za ta sayar ba kafin ta iya. A ƙarshe ta ce, "To, tunda kana wurin."

Ranar da aka kawo motar, fara fat mai rufaffen baya, wanda ya fi kowa murna shi ne Baba Direba. Tun zamanin marigayi yake tuƙi a gidan, kuma shi ya fara ɗora hannun Auta a kan sitiyari a wani fili, yana ce masa, "A hankali, ba doki ba ne." Dattijo ne siriri, marar yawan magana, da tsumma kullum a aljihun baya. Ya zagaya sabuwar motar yana shafa ta, ya buɗe gaba ya leƙa injin ya ga duk an rufe shi da baƙar roba, ya yi dariya ya ce, "Wannan ai kunya gare ta, ba ta son a ga cikinta."

Ba ta shekara ba ta fara ba da matsala. Da farko da safe ne sai an yi ta murza makulli kafin ta kama. Daga baya in an zo hawa da kaya sai ta yi sanyi, ka taka totur har ƙasa amma tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban direba. Baba Direba ya kawo ta. Aka canza filtar mai, aka goge fitilar da kwamfuta, aka wanke motar har da fesa turare a ciki, aka ce ta warke. Sati bai zagayo ba ta dawo. Wannan karon aka ce wata 'yar na'ura ce da ke auna ƙarfin mai, kuma babu ita a sito, sai an aiko. Motar ta zauna a rana tana shan ƙura, Yaya tana hayar motocin mutane, kullum ta bugo waya Auta ya ce mata gobe. Shi ma goben aka ba shi. In ya shiga baya ya yi magana sai a nuna masa jerin motocin wani babban kamfani da manaja ya ce a fara gamawa da su.

Da na'urar ta iso aka ɗaura, motar ta yi kwana biyu tana lafiya. Sai wata rana da tsakar rana, a kan hawan gada, da ƙwai cike da bayanta, ta yi tari sau ɗaya ta mutu. Motoci suka yi layi a baya suna ta ham. Baba Direba ya sa dutse a taya, ya tsaya a rana yana ba da hannu, har aka samo wata motar aka juye kayan cikin gaggawa. Abin da ya fashe ya fashe, abin da rana ta dafa ta dafa. Janwe ne ya jawo ta zuwa kamfani, ruwan ƙwai yana ɗiga ta ƙasan ƙofar baya.

Auta ya shiga gareji ya sami babban bakanikensu, wani ƙato da ake kira Dogo, yana shan shayi a kan tsohuwar taya.

"Don girman Allah, Dogo, ka duba min motar nan da kanka. Ta yayata ce. Na rasa da wane ido zan kalle ta."

Dogo ya shanye shayinsa tukuna. Ya jona kwamfuta, ya murza makulli, injin ya yi ta juyawa bai kama ba. Ya nuna wa Auta wani layi a fuskar kwamfutar da ya kamata ya haura sama amma yana kwance.

"Mai ba ya isa da ƙarfi. Wannan mun sani tun tuni. Abin tambaya shi ne me ya hana shi."

Ya kwance filtar, ya tuntsurar da dizal ɗin da ke ciki a wani farin kwano, ya fita da shi bakin ƙofa inda rana take. Ya karkata kwanon. A ƙasan man wani abu yana ƙyalli, siriri kamar an daka madubi an barbaɗa. Dogo ya ciro maganaɗisu daga aljihu ya tsoma, ya ɗago shi. Bakinsa ya yi gashi-gashi da ɓarɓashin ƙarfe.

"Ka gani? Famfon da ke tura mai ne yake cin kansa. Yana niƙa cikinsa yana aika garin ko'ina. Ya shiga nozul masu fesa mai, ya shiga bututu, ya koma tanki. Filta da na'urar da muka canza duk aikin banza ne. Sai an fitar da komai an sa sabo."

"Me ya jawo?"

"Haka aka ƙero shi. Kai ma ka sani ba ita ce ta farko ba. Ina jar nan ta mai gidan burodi? Ina ta asibitin nan?"

Auta ya tuna su. Ya kuma tuna abin da ya faɗa wa masu su a kan kanta.

"Ba ruwa a man?" ya tambaya a hankali.

Dogo ya zuba sauran man a kwalba, ya ajiye a kan benci ya bar shi ya kwanta. Ruwa ya fi dizal nauyi, in akwai shi ƙasa yake taruwa. Suka tsaya suna kallo. Man nan garau yake tun daga sama har ƙasa.

"Ko ɗigo," in ji Dogo. "Wanda yake shan man motar nan ya san inda yake sha." Ya goge hannu. "Ni dai na nuna maka. Abin da za a faɗa a gaba kuma ba aikina ba ne, ni ma 'ya'ya gare ni."

Manaja mutum ne mai fara'a, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ya nuna wa Auta kujera, ya saurare shi har ya gama, yana gyaɗa kai kamar likita.

"Na ji," ya ce. "Amma ka san uwar kamfani ta daina karɓar wannan magana daga wurinmu. Sun ce famfonsu lafiyarsa ƙalau, man ƙasarmu ne ba shi da kyau. In na amsa cewa laifin famfo ne, reshen nan ne zai ɗauki nauyin, kuma gobe duk wanda ya sayi irinta zai zo ya yi layi. Ka san halin da ake ciki. Ana ma maganar rage ma'aikata."

"Ranka ya daɗe, yayata ce. Ita ta raine ni."

"Shi ya sa ma kai za ka faɗa mata. Daga bakinka zai fi mata sauƙi. Ka ce an sami ruwa a cikin man, gurɓataccen mai ne ya kashe famfon, garanti kuwa bai shafi wannan ba. Ni kuma saboda kai zan sa a yi mata rangwame a kan aikin hannu." Ya yi murmushi. "Ka ga ai an duba zumunci."

Auta ya fito ya tsaya a bayan baƙin gilashin. Yana hango Yaya a ɗakin jira, zaune a bakin kujera da jakarta a cinya, ba ta ko kallon talabijin ɗin da ke ta surutu a bango. Gefe can Baba Direba yana tsaye, don bai taɓa yarda ya zauna a kujerun nan masu laushi ba. Auta ya yi tunanin matarsa da ke da tsohon ciki. Ya ce a ransa, za ta yi faɗa, za ta tsine wa gidan mai, shi ke nan. Gidan mai ba ya jin zafi. Daga baya shi zai san yadda zai yi ya tallafa mata a gyaran. Da wannan ya lallashi kansa ya tura ƙofar.

Ya faɗa mata da muryar aiki, wadda ta saba fita sumul ba gargada. Ruwa a cikin dizal. Gurɓataccen mai. Garanti bai shafa ba.

Yaya ba ta yi faɗa ba. Ta dube shi ta ce, "Kai ka gani?"

"An gwada a gabana, Yaya."

Sai ta juya, a hankali, ta fuskanci dattijon.

"Baba, a ina kake shan mai?"

"Inda muka saba, Hajiya. Tun zamanin marigayi ban canza ba."

"To ruwan daga sama ya faɗo cikin tanki?" in ji Yaya. "An sha gaya mini direbobi suna sayen na jarka a bakin hanya su soke ragowar a aljihu. Na ce ban da nawa. Na ce ko duniya za ta taru, ban da Baba."

"Hajiya, wallahi..."

"Kada ka rantse. Ƙanina ne ya faɗa. Shi zai yi mini ƙarya?"

Mutanen da ke ɗakin jiran suka juyo suna kallo. Baba Direba ya dubi Auta, kallo ɗaya, ba na tuhuma ba, irin kallon wanda yake jira a ce an yi kuskure. Auta ya sunkuyar da kai kan kwamfutarsa yana danna abin da shi kansa bai sani ba. Kalma ɗaya ce za ta raba gardamar, ga ta a kan harshensa, ga kuma manaja da ya san yana bayan gilashi yana kallonsu.

A ranar Yaya ta sallami dattijon. Labari kuma ba ya kwana, kafin mako ya ƙare duk masu shagunan da yake kai wa ƙwai sun ji cewa tsohon nan mai tsumma ashe ɓarawon mai ne. Wasu suka ce dama shiru-shirun nan nasa ba na Allah ba ne.

Auta ya daina cin abincin kirki. Matarsa ta tambaye shi ko ulsa ce ta tashi, ya ce aiki ne. Motar kuwa tana nan a bayan gareji an ɗage ta a kan jak, an zare mata tanki, ana jiran kayan da Yaya ta sayar da rabin kajinta ta biya.

Wata safiya yana kan kanta sai ga Baba Direba ya shigo. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya yi sallama, ya tambayi mai ciki da jiki, sannan ya ajiye wani makulli a kan kantar.

"Na biyun ne. Na same shi a aljihun wata rigata. Ba na so a ce shi ma na riƙe. Gidan kuma ba zan iya zuwa ba, ka ba ta."

"Baba, ka zauna mana. A kawo maka ruwa."

"A'a, sauri nake. Ana neman mai gadi a wani sito, an ce in je a gan ni. Tuƙi dai ba mai ba ni yanzu." Ya murza hularsa. "Abu ɗaya yake hana ni barci, Auta. Na yi ta tunani ko ranar da aka yi ruwan saman nan ne na bar murfin tanki a buɗe. Na san na rufe. Amma tsufa, ka sani. In dai kai ka ga ruwan da idonka, to ni ne. Sai dai ka gaya mata sakaci ne, ba sata ba. Wannan kaɗai nake roƙo."

Ya juya ya fita, ƙofar ta rufe kanta a bayansa. Auta ya bi shi da kallo har ya tsallaka titi, yana tafiya a gefe-gefe kamar mai ba motoci haƙuri.

Da aka tashi aiki bai nufi gida ba, gonar ya wuce. Ya tarar da Yaya a rumfar da ake tara ƙwai, zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tana ware masu tsaga daga masu lafiya. Ɗaya daga cikin ɗakunan kajin ya zama kango, sai warin kashi da fuka-fukai a ƙasa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye makullin a gabanta, sannan ya faɗa mata komai: farin kwanon, maganaɗisun, kwalbar da ba ruwa a cikinta, da abin da manaja ya ce. Bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba.

Yaya ta ci gaba da ɗaukar ƙwai tana dubawa tana ajiyewa. Sai da ta cika kiret ɗin sannan ta yi magana, ba tare da ta dube shi ba.

"Ni ka tsaya a gaba ka yi wa muryar kamfani."

"Yaya, ki yafe mini."

"A gaban mutane na ce masa ɓarawo. Mutumin da ya ɗauki gawar mijina a mota ya kawo ta gida. Da bakinka na zage shi, Auta, don ban taɓa zaton bakinka zai ba ni abin da ba shi ne ba."

"Gobe zan je in faɗa a gaban manaja. Dogo ya san gaskiya. Ki kai su ƙara, ni zan tsaya miki shaida. Baba kuma in je har gida in durƙusa masa, in bi shagunan nan ɗaya bayan ɗaya in gaya musu."

"Dogon zai tsaya?"



"Ba zai tsaya ba," ta ba kanta amsa. "Sun zubar da man, sun wanke kwanon. Kai kaɗai za ka tsaya, su kore ka, su ce dama don yayarka ce. Wa zai ɗauke ka aiki bayan an ji ka tona asirin masu gidanka? Matarka yau ko gobe. In kai ma ka zauna, wa zan ɗauka, wa zan bari? Kajin da suka rage ba za su ciyar da gida biyu ba."

"To Baba fa?"

Nan ne ta ɗago. Idanunta sun kaɗa sun yi ja, amma ba hawaye.

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai ne hannun. Ka ruɓe, amma nawa ne." Ta ja wani kiret ɗin gabanta. "Maganar nan ta mutu a rumfar nan. Ba manaja, ba shaguna, ba Baba. In ya ji, gobe gari ya ji, jibi kamfani ya ji. Ka koma bakin aikinka."

"Yaya, sunansa fa..."

"Na san sunansa, na riga ka saninsa. Ka ɗora mini kaya, na ɗauka. Kada ka zo kana koya mini nauyinsa. Tashi ka tafi, ba na son ganinka yau."

Ya tashi. Ya zo yana tsammanin zagi, ko mari irin na da, wani abu dai da zai biya ya huta. Sai ga shi an rufa masa asiri, kuma rufin ya fi masa tonon ciwo.

Bayan kwana biyu Yaya ta cika kiret da manyan ƙwai zaɓaɓɓu, ta haɗa da kaji biyu masu rai, ta ba wata ma'aikaciyarta ta kai gidan Baba Direba. Ba saƙo, ba bayani, ta ce a ce daga Hajiya ne kawai. Kafin la'asar matar ta dawo da kayan a kai yadda ta tafi da su, kajin suna ta haki.

"Ya ce a gode miki, Allah ya ƙara arziki," in ji ta. "Amma ya ce ba zai iya ci ba. Wai shi ya jawo miki asarar mota, bai ga da wane baki zai ci ƙwanki ba."

Yaya ta kwance ƙafafun kajin da kanta ta sake su. Ƙwan kuma ta ce a mayar cikin na sayarwa.